Faɗuwar ƙwayoyin limfosait a lokacin gashi da kemo na sankarar hanyar abinci

Adda Hauwa, Pantami:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman ƙarin haske daga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, mai shekara 61, yana Abuja ana yi masa maganin sankarar hanyar abinci, wadda aka gano bayan ya daɗe tuwo yana tsaya masa a ƙirji, har ta kai kunu ma sai da dabara yake wucewa. An tsara masa gashi, wato ƙona sankarar da hasken inji, sau 28, daga Litinin zuwa Juma'a, tare da kemo, maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake ɗurawa ta jijiya, sau ɗaya a mako, kuma yanzu yana cikin mako na huɗu. A gwajin jinin da aka yi masa jiya, jimillar fararen ƙwayoyin jini 3.2 ce, limfosait kashi 9 cikin ɗari, niyutrofil kashi 80, kuma an ja layi da jan biro a ƙarƙashin limfosait ɗin. Likitansa ya duba ya ce a ci gaba, amma tun da hoton takardar ya iso gida hankalin dangi ya tashi, manya suna cewa a dawo da shi Kumo ya huta, idan jininsa ya dawo sai a koma. Shin wannan faɗuwar haɗari ce, kuma hutun zai amfane shi?

Malam Buba, Jekadafari:
Wa alaikumus salam, Adda Hauwa, sannunku da jinya, Allah ya ba Baffa lafiya. Aikina gwajin jini ne, don haka zan tsaya a kan karatun takardar, in bar wa likitoci sauran. Limfosait da niyutrofil nau'i biyu ne na fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki daga cuta. Kason da ake rubutawa cikin ɗari ba shi ne abin dubawa ba, domin yana iya sauka saboda kawai wani nau'in ya hau. Ainihin adadin shi ne abin nema. Da dubbai ake rubuta adadin, 3.2 na nufin 3,200. Idan aka ɗauki kashi 9 cikin ɗari na 3.2 za a samu 0.29, wato kimanin ƙwaya 290 a kowace maikrolita ta jini, alhali baligi lafiyayye yakan kasance tsakanin 1,000 da wajen 4,000, gwargwadon ma'aunin ɗakin gwajin. Likitocin sankara sun kasa wannan ƙaranci hawa huɗu. Daga ƙasa da ƙa'ida zuwa 800 shi ne hawa na ɗaya, daga 800 zuwa 500 na biyu, daga 500 zuwa 200 na uku, abin da ya gaza 200 kuma na huɗu, saboda haka Baffa yana hawa na uku. Niyutrofil ɗinsa kuwa, bisa wannan lissafin, sun haura 2,500, kuma wannan adadi ne mai kyau. Ina jin su likitan ya duba kafin ya ce a ci gaba.

Dakta Aliyu:
Lissafin Malam Buba daidai ne. Ni likitan gashin sankara ne, amma ba ni nake duba Baffa ba, saboda haka abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya, hukunci kuma yana hannun waɗanda suke ganinsa ido da ido.

Wannan faɗuwa ba baƙon abu ba ce. Mafi yawan masu sankarar hanyar abinci da ake haɗa musu gashi da kemo suna kaiwa hawa na uku ko na huɗu kafin a gama, kuma dalilin yana cikin inda Allah ya ajiye bututun da abinci ke bi zuwa tumbi. Ya sauko ne ta tsakiyar ƙirji, zuciya na gabansa, ƙashin baya na bayansa, huhu biyu a dama da hagu, babbar jijiyar jini tana tafe daf da shi, idan kuma ciwon yana ƙasa kusa da tumbi, saifa ma tana kusa. Ba yadda za a yi hasken gashi ya isa ga ƙarin sankarar ba tare da ya ratsa waɗannan wurare ba, kuma dukkansu matattarar jini ce ko maƙerarsa.

Su kuwa limfosait suna cikin ƙwayoyin da suka fi kowanne rauni a gaban wannan haske. Ana auna gashi da ma'aunin gire, wanda ake rubutawa Gy a takardar asibiti. Gire 1 zuwa 2 ya isa ya kashe rabinsu, gire 3 kuwa yana kashe kusan tara cikin goma, alhali ƙarin sankara yana buƙatar gire 40 zuwa 50 da wani abu. Tsarin Baffa na sau 28 kusan tabbas gire 50.4 ne, wato 1.8 a kowace rana. Zuciya tana tura kimanin lita biyar na jini a minti guda, kusan dukkan jinin jikin baligi ke nan, don haka a 'yan mintocin da injin yake aiki, jini mai yawa ne ke bi ta cikin hasken. Kamar garke ne da ba shi da hanyar zuwa mashaya sai burtali ɗaya, kuma kullum ana harbi a burtalin: wadda ta tsira yau, gobe ko jibi za ta sake bi ta wurin. Shi ya sa adadin ke sauka mako bayan mako, ya kai ƙarshen faɗuwarsa wajen mako na biyar ko daf da kammalawa. Kemo yana ƙara nasa, amma a wannan ciwo gashin ne ke da kaso mafi girma.

Alhaji Manu, Bajoga:
Dakta, ranka ya daɗe, bayaninka ya fito sarai, amma a ganina ya ƙarfafa maganar manyan gidan ne. Idan kowace rana injin yana rage sojojin jikin mutum, ai hankali zai ce a dakata mako biyu su farfaɗo. Na yi jinyar matata a wata sankarar dabam, kuma na ga an ɗage mata kemo saboda jini ya yi ƙasa, an yi mata wata allura a fatar ciki, bayan 'yan kwanaki jinin ya hau. Me zai hana a yi wa wannan bawan Allah haka, ko a ƙara masa leda ɗaya ko biyu ta jini, tun da 'yan uwa masu bayarwa ba su ƙare ba?

Dakta Aliyu:
Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka kawo wannan, domin shi ne tunanin da ke raba majinyata da yawa da maganinsu a tsakiyar hanya. Abin da aka yi wa Hajiya daidai ne, amma matsalarta ta niyutrofil ce. Su ɓargo ke ƙera su kullum, rayuwarsu gajera ce, suna faɗuwa da sauri suna dawowa da sauri, kuma su ne ake dubawa tare da ƙwayoyin daskarar da jini kafin a ba da kemo na mako; asibitoci da yawa suna ɗagewa idan sun gaza 1,000 ko 1,500, gwargwadon tsarinsu. Allurar da ka gani, filgirastim, niyutrofil kaɗai take ƙarawa, ba ruwanta da limfosait, kuma jagororin likitoci sun yi kashedi a kan yin ta a daidai lokacin da ake haɗa kemo da gashin ƙirji. Ƙarin jini kuma jajayen ƙwayoyi yake bayarwa. Yana da amfani idan su ne suka yi ƙasa, amma ba zai matsar da wancan 290 ko da kaɗan ba.

Batun hutu shi ne ya fi damuna. Limfosait ba sa dawowa cikin mako biyu, watanni suke ɗauka, a wasu mutane ma shekara takan zagayo ba su koma yadda suke ba. Ƙarin sankarar kuwa ba ya hutawa. Nau'in da ke tsirowa daga fatar cikin bututun, wanda shi ne ya fi yawa a Afirka, an san irinsa yana ƙara saurin hayayyafa bayan kimanin mako huɗu da fara gashi, abin da aka fi tabbatarwa a sankarar baki da maƙogwaro, waɗanda jinsinsu ɗaya. Wanda aka dawo da shi gida a mako na huɗu ya riga ya biya kuɗin maganin da jininsa, sannan ya tafi bai karɓi amfanin ba. Ana dakatar da gashi idan zazzaɓi mai tsanani ya shigo, ko mutum ya kasa haɗiyar ko da ruwa, ko niyutrofil sun faɗi ƙwarai, amma ƙarancin limfosait shi kaɗai ba ya cikin dalilan da aka saba dakatarwa dominsu.

Malam Yusuf, Tudun Wada:
Dakta, ina koyar da ƙididdiga ne, ba likita ba ne ni, amma ina ganin ka sassauta maganar fiye da yadda take. Akwai binciken da aka buga a 2017 daga cibiyar sankara ta MD Anderson da ke Hustan a jihar Tekzas ta Amurka, inda aka bi bayanan majinyata 504 masu wannan ciwo da aka yi musu gashi da kemo. Kashi 27 cikin ɗari sun faɗa hawa na huɗu, kuma matsakaicin tsawon rayuwarsu bayan magani ya tsaya a shekara 2.8, na sauran kuwa shekara 5. Wannan tazara ba ƙarama ba ce. Idan haka ne, ta yaya za a ce wa dangi abu ne da aka saba gani, a ci gaba kawai?

Dakta Aliyu:
Malam Yusuf, alƙaluman da ka kawo haka suke, kuma ban ce abin ba shi da nauyi ba. Shekaru da dama likitoci suna kallon wannan layin a takarda suna wucewa, sai irin wannan bincike ya sa aka dawo ana dubansa. Akwai ma dalili mai ma'ana a bayansa, domin limfosait, musamman nau'in T, su ne ke gane ƙwayoyin sankara su kashe su, kuma gashi kansa yana dogara da su wajen share abin da ya rage. An kuma lura cewa waɗanda adadinsu bai faɗi ƙwarai ba sun fi samun ƙarin ya ɓace gaba ɗaya idan aka duba naman da aka cire a tiyata. Abin da nake cewa shi ne, sanin cewa faɗuwar tana da illa dabam, sanin cewa hutu zai gyara ta kuma dabam. Na biyun babu hujja a kansa, hujjar da ake da ita ma akasinsa take nunawa.

Malam Yusuf, Tudun Wada:
Na karɓi wannan. To bari in juya in soki hujjar da na kawo da kaina, tun da sana'ata ke nan. Binciken waiwaye ne, an buɗe tsofaffin fayiloli aka ƙirga, ba a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba. Wane ne ya fi faɗawa hawa na huɗu? Wanda ƙarinsa ya fi girma, domin shi ake buɗe wa fili mai faɗi na gashi, da tsoho, da ramamme, da wanda tun farko adadinsa ƙasa yake. Waɗannan kuwa su ne dai waɗanda ciwon ya fi cin ƙarfinsu ko da limfosait ɗinsu ba su motsa ba. Masu binciken sun yi ƙoƙarin tace waɗannan abubuwa da lissafi, amma lissafi ba ya tace abin da ba a auna ba. Tana yiwuwa faɗuwar alama ce kawai ta cewa ciwon ya yi nisa, ba ita ke gajarta rayuwa ba.

Dakta Aliyu:
Wannan ita ce gardamar da ake yi a fagen har yanzu, kuma ba a rufe ta ba. Hanyar da za a raba gardamar ita ce a rage faɗuwar ba tare da an taɓa maganin ƙarin ba, sannan a ga ko mutane sun ƙara daɗewa. Gashin furoton yana ba da wannan dama, domin haskensa yana tsayawa ne a zurfin da aka ƙayyade, ba ya zarcewa ya fita ta ɗaya gefen jiki, saboda haka zuciya da huhu suna samun kaso kaɗan. A wani nazari na 2018 daga waccan cibiyar, hawa na huɗu ya samu kimanin kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa furoton, da kimanin kashi 40 na waɗanda aka yi wa gashin zamani na yau da kullum. Amma gwajin ƙuri'a da suka buga a 2020 ya nuna furoton ya rage tarin illoli da matsalolin bayan tiyata, bai kuma nuna bambanci a tsawon rayuwa ba. Gwajin ƙarami ne, ba a gina shi don amsa wannan tambayar ba, shi ya sa aka shiga wani mafi girma. Ra'ayina shi ne abubuwan biyu duka gaskiya ne, faɗuwar alama ce kuma tana da nata laifin, amma wannan ra'ayi ne. Ga mu a nan kuwa, babu injin furoton a Najeriya, kuma ba zan ba dangi shawarar sayar da gona don nemansa a waje bisa hujjar da ke hannu yau ba.

Adda Hauwa, Pantami:
Na gode ƙwarai, na tura wa manyan gida bayanin hutu. Amma Dakta, idan babu allura, babu ƙarin jini, babu hutu, me ya rage mana mu yi?

Sista Rifkatu, Kaltungo:
Adda, abin da ya rage muku ya fi wanda aka hana ku yawa, kuma mafi yawansa a hannun mai jinya yake. Na daɗe a ɗakin masu sankara, kuma abin da na fi gani yana kayar da masu wannan ciwo yunwa ce. Mutum ya zo asibiti ya riga ya rame saboda abinci ba ya wucewa, sannan daga mako na uku gashin ya sa cikin bututun ya yi ja ya kumbura, haɗiya ta koma kamar ana yanka, sai ya ɗauke kai daga kwano. Rashin abinci mai gina jiki kuwa shi kansa yana rage limfosait, kuma shi ne kaɗai cikin dalilan da ku kuke da iko a kansa.

Kada a jira lokacin cin abinci uku. A dama kunun gyaɗa da kauri daidai yadda zai wuce, a zuba madarar gari cokali biyu ko uku, a murje dafaffen ƙwai a ciki, a tace da rariya, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a ba shi rabin kofi duk bayan awa biyu yana zaune a miƙe, kada ya kwanta sai bayan rabin awa. Alale mai laushi, romon kaza da aka niƙa naman a ciki, da wake da aka cire ɓawonsa aka dama duk suna yi. A guji yaji da shayi mai ƙuna da lemon kwalba. Idan akwai maganin rage zafin haɗiya da aka rubuta masa, a ba shi kafin abinci, ba bayansa ba. A riƙa auna nauyinsa kowane mako a sikeli ɗaya, idan yana zubewa ku da kanku ku tayar da maganar bututun ciyarwa, kada ku jira sai ya kasa tashi. Dangi da yawa suna ƙin bututun suna ganin alamar ƙarshe ce, alhali shi ke riƙe mutum har ya kammala gashinsa.

Sai ma'aunin zafin jiki. Idan ya kai digiri 38, a tafi asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne, kada a ba shi farasitamol a ce a ga safiya. Zan kuma faɗi wadda ba a son ji, wato dubiya. Ɗaki ya cika da mutum goma sha, wani yana tari, wata ta zo da yaro mai ƙarambau, kowa sai ya gaisa hannu da hannu. A samu dattijo ɗaya a gidan da zai iya tsayawa a ƙofa ya karɓi gaisuwa a madadinsa.

Alhaji Manu, Bajoga:
Sista, fura da nono fa? Mu a nan ita ce abincin mara lafiya, kuma na san dattijon Kumo ba zai yarda a raba shi da ita ba. Sannan ana yawan cewa zogale yana ƙara jini.

Sista Rifkatu, Kaltungo:
Alhaji, ba sai an raba shi da ita ba, sai dai a san asalin nonon. Wanda aka tatso aka tafasa kafin a kwantar da shi, aka dama furar da tafasasshen ruwa a gida, babu laifi. Wanda aka saya a ƙwarya ba a san ko ya ga wuta ba, shi ne abin gudu, domin ɗanyen nono yana iya ɗauko tarin fukan shanu da wasu cututtukan. Zogale ganye ne mai kyau a miya, a ci, amma babu hujjar cewa yana ɗaga limfosait, kuma jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba suna iya wahalar da hanta da ƙoda a lokacin da suke fama da kemo.

Malam Kabiru, Bolari:
Ni fannina haɗa magunguna ne, kuma akwai abin da ba a ambata ba. Idan kemon Baffa na mako-mako kabofilatin da fakilitakzel ne, irin tsarin da gwajin ƙasar Holan na 2012 ya yaɗa, to ana ba shi dekzametazon kafin kowane zama don hana jiki ƙin maganin, kuma wannan yana saukar da limfosait na ɗan lokaci. Wancan dole ne, likita ya san da shi. Wanda likita bai sani ba shi ne na kemis. Dangi suna ganin mutum ya rame ba ya cin abinci, sai a sayo masa ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda galibi akwai wannan sinadarin a cikinsu, a riƙa ba shi kullum a ɓoye. Wannan yana danne ragowar garkuwar, yana ɓoye zazzaɓi, yana tayar da suga. Adda, ki tambayi wanda ke tare da shi ya zazzage ledar magunguna gaba ɗaya a gaban likita.

Ina kuma da tambaya ga likitoci. Mai cuta mai karya garkuwar jiki idan ƙwayoyinsa na CD4, wani nau'i na limfosait, suka gaza 200 ana ɗora shi a kan Septrin don kare shi daga wata nimoniya mai kisa. Mutumin da dukkan limfosait ɗinsa 290 ne, CD4 ɗinsa ba za su kai 200 ba. Me ya sa ba a ba kowa daga cikinsu? Magani ne mai araha, akwai shi ko'ina.

Dakta Maryam, Bauchi:
Malam Kabiru, lissafinka yana kan hanya, kuma akwai wurin da ake yin hakan: masu sankarar ƙwaƙwalwa da ake haɗa musu gashi da temozolomaid ana ba su wannan kariya a matsayin ƙa'ida. A sankarar hanyar abinci ba a mayar da shi ƙa'ida ga kowa ba, domin waccan nimoniyar ba ta yawaita a cikinsu kamar yadda adadin zai sa a zata, maganin kuma ba ruwan sha ba ne. Yana iya danne ɓargo ya ƙara saukar da niyutrofil da ƙwayoyin daskarar da jini, yana ɗaga fotasiyam, yana taɓa ƙoda, yana kawo ƙurajen fata masu haɗari ga wasu, kuma masu ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda suke da yawa a cikin mazanmu, jininsu yana iya fashewa da shi. Inda nake ganin ya dace a yi tunaninsa shi ne wanda ya daɗe a hawa na huɗu, ko yake shan dekzametazon ko firednisolon na makonni, ko yake ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki.

Abin da ya fi damuna a yankinmu dabam ne da abin da ya dami masu bincike a Tekzas. Majinyatansu mafi yawa nau'in da ke tasowa a ƙasan bututu kusa da tumbi gare su, suna zuwa da jikinsu, an kuma tace su daga cututtukan da mu muke kwana da su. Mu namu yana zuwa ne da yiwuwar tarin fuka yana kwance a huhunsa, ko ciwon hanta nau'in B yana ɓoye a jininsa bai sani ba, kuma limfosait ne suke danne su duk tsawon shekarun nan. Idan suka faɗi, waɗannan suna iya tashi. Saboda haka, Adda, ki tabbatar an yi wa Baffa gwajin hanta nau'in B da na cuta mai karya garkuwar jiki. Idan na hantar ya nuna akwai, ana ba da tenofobir ko entekabir tun ana kemo har watanni bayansa. Tari da ya wuce mako biyu, ko gumin dare, kada a ɗora wa gashi kai tsaye, a gwada majina. Farin abu kamar dusar madara a harshe da cikin kumatu, ko ƙuraje masu ruwa da zafi da suka fito a gefe ɗaya na jiki suka tsaya a tsakiya, duka biyun suna da magani mai sauƙi idan an zo da wuri. Zazzaɓin cizon sauro ma yana saukar da limfosait, don haka gidan sauro wajibi ne, amma kada samun maleriya a gwaji ya sa a daina neman wani dalilin zazzaɓin.

Malam Kabiru, Bolari:
Na gamsu da batun illolin, Dakta, sai dai har yanzu ina ganin a inda gano waccan nimoniyar ke da wuya, ya kamata a fi saurin bayar da kariyar fiye da yadda ake yi a ƙasashen da ke da kayan gwaji. Amma na yarda ba shawarar da za a yanke a kan kantar kemis ba ce.

Dakta Aliyu:
Akwai ɓangaren da ke hannunmu masu tsara gashin, kuma ya kamata waɗanda ba su fara ba su san da shi. Girman filin da aka buɗe shi ne babban abin da ke hasashen faɗuwar, sai kason da zuciya da huhu da saifa suka sha. Ana iya taƙaita filin ga ƙarin da kaluluwar da ta kamu, a zana saifa a hoton tsarawa a ce wa kwamfuta ta kauce mata. Wani abin mamaki shi ne injin zamani mai zagaya jiki, duk da yana kare gaɓoɓi daga babban kaso, yana yayyafa ƙaramin kaso a wuri mai faɗi, kuma ƙaramin ya ishi limfosait. Ƙara yawan gashi ma ba riba ba ne, tun 2002 wani gwaji a Amurka ya nuna gire 64.8 bai fi 50.4 amfani ba. Ga wanda za a yi wa tiyata daga baya, tsarin Holan gire 41.4 ne kawai a zama 23. Tambayar likita ko an kula da zuciya da huhu da saifa a tsarin ba rashin ladabi ba ce.

Malam Buba, Jekadafari:
Idan ya dawo gida ba sai an koma Abuja don gwajin bibiya ba, ana yin cikakken ƙirgen jini a nan Gombe. A dai tsaya a ɗakin gwaji ɗaya mai injin ƙirge, a nemi a rubuta ainihin adadin ba kaso kaɗai ba, a ajiye takardun a jere. Kada a firgita idan gwajin mako na biyar ya fi na jiya ƙasa, haka ake sa rai. Bayan wata ɗaya zuwa biyu da kammalawa akan ga ya fara hawa, a hankali.

Alhaji Manu, Bajoga:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Mutanenmu idan Allah ya ba su sauƙi, abin da suke fara nema shi ne Umara ko Hajji, kuma akwai alluran rigakafin da ake yi wa maniyyata. Mai irin wannan jini zai iya karɓarsu?

Dakta Maryam, Bauchi:
Alhaji, ba duka ba. Ta sanƙarau da Saudiyya ke buƙata babu rayayyar ƙwayar cuta a cikinta, ba ta da haɗari gare shi, sai dai kariyar da za ta ba shi tana iya yin rauni idan aka yi ta adadin yana ƙasa. Ta zazzaɓin shawara kuwa rayayyar ƙwaya ce da aka raunana, haka ma ɗigon shan inna na baki, kuma ba a ba wanda garkuwarsa ke ƙasa. Ana jira aƙalla wata uku bayan kemo na ƙarshe, a duba jini, sannan likitan sankararsa ya amince. Idan ya taɓa yin ta shawara a baya, a nemo tsohon katinsa mai ruwan ɗorawa, domin tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Idan kuma bai taɓa yi ba kuma tafiyar ta matso, likita yana iya rubuta masa takardar uzuri, na shan inna kuma a nemi na allura maimakon na ɗigo.